ZAWO BA RUWA KAƊAI YAKE KWASHEWA BA

Duk wanda ya je Asibitin Yara na Hasiya Bayero, wanda yake cikin birnin Kano kusa da Gidan Sarki, zai ga mata zaune da goyo tun da sanyin safiya. Wasu daga Yakasai suke, wasu daga Mandawari ko Gwale. Wasu kuma motar ƙauye ce ta sauke su. Da yawa daga cikin yaran nan zawo ne ya kawo su.

Kowa ya san zawo yana tsotse ruwan jikin yaro. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ruwan ba ya fita shi kaɗai. Yana fita ne tare da gishirin jiki. Sau da yawa rikicewar wannan gishiri ita ce take kashe yaro, ko da kuwa an yi ta ɗura masa ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa zawo yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 400,000 a kowace shekara. Yawancinsu da an ba su abin da ya dace a kan lokaci, da sun tashi.

Mene ne gishirin jiki?

Wanda ya taɓa lasar hawaye ko gumi ya san akwai ɗanɗanon gishiri a ciki. Haka jini yake, haka sauran ruwan jiki. Jikin jariri sabon haihuwa kusan kashi 3 cikin 4 ruwa ne, kuma a cikin ruwan nan akwai gishiri iri-iri a narke. Uku daga cikinsu ya kamata mai karatu ya riƙe.

Na farko sunansa sodiyam. Shi ne wanda yake cikin gishirin miya. Shi yake riƙe ruwa a cikin jini, kuma ƙwaƙwalwa ba ta aiki daidai sai da shi. Na biyu sunansa fotasiyam. Da shi tsoka take motsi, da shi hanji yake tura abinci, da shi zuciya take bugawa. Na uku sunansa bikabonet. Aikinsa hana jini yin tsami.

Kowane ɗaya yana da awonsa. Idan likita ya ɗebi jinin yaro mai lafiya ya aika ɗakin gwaji, lambar sodiyam takan fito tsakanin 135 da 145. Ta fotasiyam kuma tsakanin 3.5 da 5. Idan lamba ta sauka ƙasa da yawa, matsala ce. Idan ta hau sama da yawa, nan ma matsala ce. Marinan Ƙofar Mata sun san irin wannan. Ruwa da baba da toka kowa yana iya samu, amma idan ba a san awon kowanne ba, karofi ba zai ba da launi ba.

Babba yana iya yin zawo kwana biyu ya tashi ya tafi gona. Ƙaramin yaro ba haka ba ne. Jikinsa ƙarami ne, ajiyarsa kaɗan ce, ƙodarsa ba ta gama ƙwari ba. Ga shi ba ya iya tashi ya ɗebi ruwa da kansa. Yini ɗaya ya isa ya galabaitar da shi.

Yara biyu a gida ɗaya

A ɗauki misali da wani babban gida a cikin lungu, irin gidajen nan da ake shan randa ɗaya. Zawo ya kama yara biyu a mako guda. Ɗaya ɗan wata 9, ɗaya 'yar shekara 1 da rabi.

Uwar ɗan wata 9 ta ji an ce a yi ta ba shi ruwa. Sai ta dage. Ta janye nono, don wai nonon ne yake ƙara gudawar. Ta hana shi kunu. Ruwan randa kawai take ba shi, kofi bayan kofi. Kwana biyu ana haka. Yaron ya daina kuka, ya yi laushi, barci ya yi masa yawa. Ta ɗauka sauƙi ne. Daren na uku sai ya fara jijjiga, idanu suka kafe.

Me ya faru? Zawo yana fitar da ruwa da gishiri, ita kuma tana mayar da ruwa zalla. Kamar miya ce da ake ta ƙara wa ruwa ba a ƙara gishiri. Jinin yaron ya yi salam, sodiyam ya yi ƙasa. Idan haka ta faru, ruwa yakan kwarara cikin ƙwaƙwalwa ta kumbura. Shi ya kawo yawan barcin, shi ya kawo jijjigar.

Ita kuwa yarinyar, kakarta ce ta karɓi jinya. Ta tuna an taɓa koyar da haɗin gishiri da suga a rediyo, amma awon ya ɓace mata. Ta samo ƙaramin kofi, ta zuba gishiri cokali guda mai tozo, ta zuba suga da yawa. Uwar yarinyar ta ɗanɗana, ta ce, “Inna, anya gishirin nan bai yi yawa ba?” Kaka ta ce, “Ke 'yar nan, magani ai sai da ƙarfi.” Da yarinyar ta ƙi sha, aka sayo mata lemon kwalba don a lallashe ta.

Ita ba ta yi laushi ba. Kuka take yi mai ƙara, ba ta son a taɓa ta, ƙishirwa kamar ta haɗiye kofin. Fatarta in an taɓa kamar ƙullun fulawa. Daga baya ita ma sai jijjiga. A nan sodiyam ne ya yi yawa. Gishiri mai yawa a jini yana zuƙe ruwa daga ƙwaƙwalwa. Suga mai yawa kuma, irin na lemon kwalba da shayi mai zaƙi, yana jawo ruwa zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru.

A lura da kyau. Yara biyu, ciwo ɗaya, jijjiga iri ɗaya, amma dalili ya sha bamban. Ɗaya gishiri ya yi masa kaɗan, ɗaya ya yi mata yawa. Ido ba ya iya rabewa, sai gwajin jini. Saboda haka yaron da ya kai ga jijjiga ba na gyaran gida ba ne. Ko a asibiti ma, idan gishiri ya yi yawa, a hankali ake sauko da shi, ana ɗaukar kamar kwana biyu. Idan aka yi gaggawa ƙwaƙwalwa tana iya kumbura. Kuma babu wadda za a zarga a gidan nan. Uwa da kaka duka neman lafiya suke yi. Awo ne kawai ya kuɓuce musu.

Kumburin ciki da wuyan da ya saki

Fotasiyam shi ne gishirin da aka fi mantawa da shi. Zawo yana kwashe shi da yawa, musamman idan ya ɗauki kwanaki. Yaron da fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa yakan saki jiki. Wuyansa ba ya tsayawa. In an ɗaga hannunsa an saki, sai ya faɗi yaraf. Cikinsa yakan kumbura, domin hanji ya gaji ya daina motsi. Mafi haɗari shi ne zuciya, wadda bugunta yake rikicewa, har tana iya tsayawa.

Idan ciki ya kumbura, wasu sukan jiƙa kanwa su ba yaro, wai ta sassabe cikin. Wannan kuskure ne babba. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, cike take da sodiyam. Ba ta mayar da fotasiyam, sai dai ta ƙara rikita jinin. Kanwa a bar ta a tukunyar wake da ta ɗanwake.

Ana samun fotasiyam a nonon uwa, da ayaba, da lemon zaƙi, da ruwan kwakwa, da dankali, da wake, da tumatir. Shi ya sa ba a hana mai zawo abinci. Yaron da ya wuce wata 6 a ci gaba da ba shi kunu da fate da ayaba da aka dame, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Horon yunwa ba ya tsayar da zawo. Ramewa kawai yake ƙarawa.

Yaron da yake da tamowa, wato wanda ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, sha'aninsa daban ne. Tun kafin zawo ya zo fotasiyam ɗinsa ya riga ya yi ƙasa, kuma zuciyarsa ba ta jure gishiri da ruwa mai yawa. Akwai haɗi na musamman da ake ba irinsu a asibiti. Irin wannan yaro tun ranar farko ake kai shi.

Akwai kuma numfashi. Idan bikabonet ya fita, jini yakan yi tsami. Jiki sai ya nemi fitar da tsamin ta numfashi. Za a ga yaro yana jan numfashi mai zurfi da sauri, alhali ba ya tari. Wasu sai su ce sanyi ne ya kama haƙarƙarinsa, su shiga shafa masa mai da gasa shi. Alama ce ta cewa zawon ya yi nisa.

Me ya sa ake haɗa gishiri da suga?

A jikin hanji akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan abinci yake shiga jini. Akwai wata ƙofa da ba ta buɗe wa gishiri idan ya zo shi kaɗai. Sai ya zo tare da suga take buɗewa, su shiga tare, ruwa ya bi bayansu. Abin mamaki shi ne, ko ana tsakiyar zawo wannan ƙofa tana aiki. Masana sun gano haka a wajen 1960. Don haka sugan da yake cikin haɗin ba don daɗi aka sa shi ba. Shi ne ɗan rakiyar gishiri.

An ga amfanin wannan ilimi a fili a 1971. A shekarar an yi yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash. Mutane suka yi gudun hijira zuwa Indiya, amai da gudawa ya ɓarke a sansaninsu na Bangaon. Ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya ya ƙare. Wani likitan yara, Dakta Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da suga a manyan durom, 'yan'uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Kafin nan, cikin majinyata 100 kusan 30 ne suke mutuwa. Bayan an fara ba da haɗin, suka koma ƙasa da 4.

A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi ma likitan yara ne, ya yi ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa aka yi ta yayata ruwan gishiri da suga a rediyo da talabijin da asibitoci. Tsofaffi da yawa a nan suka ji shi. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar UNICEF suka sake awon haɗin, suka rage gishiri da suga kaɗan, domin an ga sabon awon ya fi rage amai da yawan gudawa.

Yadda ake haɗawa

Abin da ya fi shi ne haɗin da yake zuwa a ƙaramar leda, wanda aka rubuta ORS a jikinsa. Ana samunsa a asibiti da kemis. Ya fi haɗin gida domin akwai fotasiyam a ciki, akwai kuma abin da yake gyara tsamin jini. Gishirin miya da suga ba su da waɗannan biyun.

A fara duba jikin ledar. An rubuta yawan ruwan da za a zuba. Yawanci lita 1 ne, amma akwai ƙanana na rabin lita. Wanda bai gane rubutun ba ya tambayi mai kemis ko malamar asibiti tun kafin ya baro wurin. Ruwan leda da ake sayarwa, wanda aka rubuta 50cl a jikinsa, rabin lita ne. Guda 2 lita 1 ke nan. Inda babu ruwan leda, a tafasa ruwa, a bari ya huce, a auna da robar da aka san awonta.

A wanke hannu da sabulu. A juye garin duka a cikin ruwan duka, a motsa har ya narke. Kada a raba garin biyu da ido don tattali. Kada a zuba shi a kofi ɗaya don ya yi ƙarfi. Kada a ƙara suga, kada a haɗa da madara ko lemo. A rufe. Abin da ya kwana ya wuni, wato awa 24, a zubar a sake sabo.

Idan dare ya yi, ko ana ƙauyen da babu kemis, ana iya yin na gida kafin a samu na leda. Ruwa lita 1. Suga ƙaramin cokalin shayi 6. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Kowane cokali a shafe bakinsa, ban da tozo. Bayan an motsa, mai haɗawa ta ɗanɗana. Idan ya fi hawaye gishiri, a zubar a sake. Asarar suga cokali 6 ba ta kai asarar ɗa ba.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi kwata zuwa rabin babban kofi bayan kowace gudawa. Daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi guda. Da cokali ake bayarwa, cokali ɗaya kowane minti 1 ko 2. Aiki ne na haƙuri, kuma bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba. Uba ma yana iya riƙe cokali. Idan yaro ya yi amai, a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Ko ya yi amai, wani abu yana zama a ciki. Nono kuwa ba a tsayar da shi ko na awa ɗaya.

Tun 2004 aka ƙara da ƙwayar zink. Yaron da ya kai wata 6 ana ba shi miligiram 20 kullum, wanda bai kai ba miligiram 10, har kwana 10 zuwa 14. Ana narkar da ita a cokali da ruwa ko nono. Tana rage kwanakin zawo, tana kuma kare yaro na wata 2 zuwa 3 masu zuwa. Ko zawon ya tsaya a kwana na uku, a cika kwanakin. Amma maganin tsayar da gudawa irin na manya, ba a ba ƙaramin yaro. Yana kwantar da hanji, ciki ya kumbura, ruwan ya taru a ciki ba a gani. Kafso da ake fasawa a zuba a kunu shi ma ba ya mayar da gishiri ko ƙwaya ɗaya.

Daga ina zawon yake zuwa?

A cikin birni gidaje a manne suke. Rijiya da masai sau da yawa taku kaɗan ne tsakaninsu. Da damina kwata takan cika, kududdufai su tumbatsa. Daga Disamba 1995 zuwa Mayu 1996 an yi annobar amai da gudawa a Jihar Kano. An lissafa mutum 5,600 da suka kamu, 340 suka rasu. Masu bincike sun tambayi majinyatan da aka kwantar a Asibitin Zana. Sun gano cewa waɗanda suka sha ruwan da ake tallansa a titi sun fi kamuwa, masu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuma ba su cika kamuwa ba. Wannan bai tsaya a birni ba. Rijiyar ƙauye marar murfi da gugan da ake yarwa a ƙasa duk hanya ɗaya ce.

Ba haƙori ne yake kawo zawo ba. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro yake rarrafe yana kai komai baki. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna rota, wadda take yawan sa jarirai amai da zawo mai ruwa-ruwa. A 2022 Nijeriya ta sa rigakafinta cikin rigakafin yara na yau da kullum. Ɗigawa ake yi a baki, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa.

Yaushe za a tafi asibiti?

A duba idanu, ko sun faɗa. A duba maɗiga, ko ta lotsa. Lotsawar maɗiga alamar ƙarancin ruwa ce, abin da ake shafawa a kai ba ya ɗago ta. A kama fatar ciki da yatsu biyu, a ɗaga, a saki. Ta mai lafiya nan take take komawa. Idan ta tsaya har a ƙirga ɗaya, biyu, ruwa ya yi ƙasa ƙwarai. A lura da fitsari, ko an wuni ba a ga ya jiƙa zane ba.

Idan yaro ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da komai, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, ko cikinsa ya kumbura, ko numfashinsa ya canja, ko an ga jini a bayan gidansa, to ba a jiran gari ya waye. Haka jaririn da bai kai wata 2 ba. Haka idan an kwana 3 babu sauƙi. Mutanen cikin birni suna da Hasiya Bayero da Asibitin Murtala a kusa. Na ƙauye su nufi asibiti mafi kusa, kuma maigida ya bar izini da kuɗin mota tun kafin ya fita, don kada a zauna jiransa.

A tafi da haɗin a cikin roba mai murfi, da cokali. Muddin yaro yana iya haɗiya, a riƙa ba shi a hanya. Idan ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai, don kada ya shaƙe. In an isa, a gaya wa malaman asibiti duk abin da aka ba shi, da yawansa: ruwa zalla ne, ko jiƙo, ko kanwa, ko lemon kwalba, ko gishiri cokali nawa a ruwa kofi nawa. Kada a ɓoye don jin kunya ko tsoron faɗa. Da wannan bayani likita zai san ko gishiri ya yi yawa ne ko ya yi kaɗan, tun kafin sakamakon gwajin jini ya fito, ya kuma san irin ruwan da zai ɗaura.